Sandunan saitin ƙafa na Tamiya DT-03: abin da na gani cikin wata biyu

Motar rimot ɗin gidanmu Neo Fighter ce mai ƙirar DT-03, wadda kamfanin Tamiya na Shizuoka a Japan ya fitar a 2014. Ƙanena ne ya kawo mana ita tsaraba daga Ingila, a wargaje cikin kwali, ni da babban ɗana muka kwashe dare uku muna haɗa ta a kan tabarma. Girmanta ɗaya bisa goma na motar gaske, ƙafafun baya ke ja, kuma don burji da turɓaya aka yi ta. Shekara guda tana tafiya sak kamar an ja zare, sai ranar da yaron ya sako ta a guje daga bakin layi, ƙafar gaba ta hagu ta daki gefen kwalbati.

Babu abin da ya karye, amma tun daga ranar ta fara janyewa hagu. Na murɗa ɗan maɓallin daidaita sitiyari da ke jikin rimot har ta miƙe. Ta miƙe ɗin, sai dai ta zama wata mota daban. In an ba ta wuta a miƙaƙƙiyar hanya sai ta riƙa yawo nan da can, in an zo kwana kuma gefe ɗaya ta juya a ɗan wuri, ɗaya gefen sai ta ci rabin fili. Yaron ya ce, "Baba, motar nan ba ta jin magana." Wannan ya dame ni, don ya fara ajiye rimot ɗin yana komawa kan waya.

Maƙwabcina aikin alaimen yake yi a gareji. Wata la'asar ya ɗora ta kan benci, ya tsuguna, ya rufe ido ɗaya ya kalle ta ta gaba. "Malam, ai ƙafar nan ta buɗe baki. Tayarod ɗinka ya lanƙwashe." Muka ɗauko rula muka auna tsakanin tayoyin gaba biyu, ta goshinsu sannan ta ƙeyarsu. Goshin ya fi da milimita 6. A taya mai tsayin santimita 8 wannan ya kai digiri 4, kuma duk daga ƙafa ɗaya yake. Lanƙwasar da ƙyar ido ke ganinta, amma ta rage tsawon tayarod ɗin, wato sandar da ke haɗa sitiyari da taya, ta janyo bayan tayar ciki. Maɓallin rimot ya raba karkatar ne kawai tsakanin ƙafafun biyu, ya kuma kawar da sarbo, wato ƙaramin injin da ke juya sitiyari, daga tsakiya.

A nan na yanke shawarar sayen DT-03 Full Turnbuckle Set maimakon sanda ɗaya irin ta asali. Kuɗin aiko shi ya kusa kamo kuɗin kayan, don haka mai shirin saye ya haɗa da sauran abin da yake buƙata a aiko lokaci guda.

Sandunan ƙarfe ne da kofunan roba masu kama kan boljoyin, wato ƙwallon ƙarfen da ke mahaɗa. Suna maye gurbin sandunan sitiyari biyu, da kuma hannuwan sama na gaba da na baya, waɗanda a asali roba ce mai tsawo ɗaya da ba a iya ƙarawa ko ragewa. Dabarar tana cikin tiredi, wato zaren da ake murɗa kofi a kansa: gefe ɗaya na dama ne, ɗaya na hagu, a tsakiya kuma akwai wurin kama sifana. Kana juya sandar tana ƙara tsawo ko tana raguwa, ba sai ka ɓalle kofi ba. Kowane zagaye cikakke milimita 1 ne, rabi daga kowane gefe. Ke nan rubu'in zagaye ma aiki ne, kuma motar tana nuna shi.

Haɗawa ita ce wurin haƙuri. Kofunan sababbi ne, ba tiredi a cikinsu, ƙarfen ne ke yanka wa kansa hanya. Na goga sabulun wanka busasshe a kan tiredin, na shigar da kowane kofi har ciki, na dawo da shi, sau biyu. In ba a yi haka ba, ranar saiti sandar za ta ƙi juyawa, kofin ya ɓalle daga boljoyin. Akwai alama a gefen da ke da tiredin hagu. Na sa duk alamomin suna kallon hagun mota, don juyi zuwa gaba ya yi aiki iri ɗaya a kowace sanda. Giris kuwa ban sa a cikin kofunan ba. Da ƙurar hunturu irin tamu, giris da yashi in sun haɗu sai su cinye robar kamar sanfefa.

Da sarbo na fara. Na mayar da maɓallin rimot sifili, na kunna, na cire hannun sarbon na mayar da shi daidai tsakiya. Sannan na auna sandunan sitiyarin suka zo tsawon da takardar bayanin kayan ta ce. Na sa batir a ciki, domin nauyinsa yana sauya zaman mota, na ɗaga ta kamar taƙi ɗaya na sake ta kan teburin gilashi ta zauna da kanta. Daga nan na riƙa juya sandunan biyu daidai wa daida har goshin tayoyin ya fi ƙeyarsu da milimita 1 kacal. Ɗan buɗewar nan yana sa ta shiga kwana da kuzari ba tare da ta yi yawo a miƙe ba.

Inda kayan suka fi burge ni shi ne jinginar taya, abin da bakanike ke kira kamba. Na tsayar da kwalin ashana a jikin tayar daga ƙasa, na rage tsawon hannun sama har saman tayar ya kauce wa kwalin da milimita 2, kusan digiri ɗaya da rabi zuwa ciki. Haka na yi wa ƙafafun huɗu. Dalili kuwa, in mota ta kwanta a kwana tayar waje tana miƙewa ta taka ƙasa da faɗinta duka. A filin makarantar unguwarmu, inda ƙasa ke da tauri da ɗan rairayi a sama, bayan motar ya daina zamewa da wuri. A da ko yaya aka ƙara wuta a fitar kwana sai ta juyo tana kallon mai tuƙi.

Akwai abubuwan da sandunan ba su taɓa ba, kuma ba aikinsu ba ne. Da na danna hancin motar ƙasa da yatsa na ga tayoyin suna ɗan sauya baki, wanda shi ke sa mota kaucewa in ta faɗa gargada. Wannan daga kwanciyar tayarod yake, in bai bi layin hannun ƙafa ba. Washa mai kaurin milimita 1 a ƙarƙashin boljoyin na waje ta rage shi sosai. Haka yadda tayar ciki ke fin ta waje juyawa a kwana, tsarin da aka yi wa rajista da sunan Rudolph Ackermann a Ingila a 1818, yana cikin siffar hannun sitiyari ne, na bar shi yadda yake. A rimot na rage iyakar juyi kaɗan a kowane gefe, don sarbon ya daina gurnani in taya ta kai ƙarshe.

Wata biyu ke nan, na sake aunawa sau uku, saitin bai motsa ba, duk da ta sake dukan dutse sau ɗaya. Wanda motarsa ke tafiya lafiya kuma a tsakar gida kawai ake wasa da ita zai iya haƙura. Mai fita fili, ko wanda ya ga maɓallin rimot ɗinsa ya yi nisa da sifili, ina ba shi shawara ya saya, ya tanadi rula da ƙaramar sifana.

Ranar Asabar da ta wuce yaron ya zana layi da toka, taku ashirin, ya ɗora motar a kai, ya ba ta wuta bai taɓa sitiyari ba. Ta kai ƙarshe toka na tsakanin ƙafafunta. Saura ɗan lako-lako da nake ji a hannun sarbo in na girgiza taya, robar da ke kare shi daga duka ta fara saki bayan shekara da wani abu. Na riga na ce wa ƙanena ya haɗo da Hi-Torque Servo Saver mai zoben ƙarfe in zai zo hutun sallah.