Gashin ƙashi don ciwon baya mai sauka ƙafa: abin da na gani

Na yi jinyar ciwon baya mai sauka ƙafa a sashen gashin ƙashi na wani asibiti mai zaman kansa a Kano, kuma tun da na samu sauƙi abokan kasuwa suke tambayata ko wurin ya cancanci kuɗin da ake kashewa. Amsata ita ce ya cancanta, sai dai ba don na'urorin da ake jona wa mutum ba. Abin da ya amfane ni shi ne binciken da aka yi mini da hannu, da bayanin da ya biyo baya, da kuma atisayen da aka koya mini in riƙa yi a gida.

Sana'ata sayar da atamfa ce a Kantin Kwari, aikin da ya haɗa dogon zama da ɗaga dila. Ciwon ya faro ne daga ƙugu, daga baya ya gangaro ta ɗuwawun hagu, ya bi bayan cinya da sharaɓa har gefen tafin ƙafa, yana zuwa da zugi da sagewa. Tari ko atishawa sukan sa ya harba har ƙasa, ruku'u ya gagara, sai da na koma yin sallah a zaune. Masu ba da shawara sun yi yawa, wani ya ce basir ne, wani ya ce sanyi ne, wani kuma ya ce ƙaho kawai ya kamata a yi mini.

Ranar farko ita ce ta fi burge ni. Likitan gashin ƙashin ya kwantar da ni rigingine, ya ɗaga ƙafar a miƙe sannu a hankali, kuma tun kafin ta yi nisa ciwon ya tsarga har ƙasan gwiwa. Ya sa na taka a kan dunduniya, sannan a kan yatsu, ya gwada ƙarfin babban yatsa, ya taɓa wurare daban-daban yana tambaya ko ina ji. Bayan haka ya ɗauko siffar ƙashin baya ta roba ya nuna mini cewa ƙasusuwa biyar ne a gadon baya na ƙasa, kuma tsakanin kowane biyu akwai faifai mai taushi da ke ɗaukar nauyi. Idan faifan ya bulluƙo, wanda ya fi faruwa a gaɓoɓi biyu na can ƙasa, sai ya danne ko ya kumbura saiwar jijiyar da ta fi kowace girma a jikin mutum, wadda take bi ta ɗuwawu ta sauka har ƙafa. Wannan shi ne ciwon da likitoci suke kira sayatika. Lamarin kamar wayar lantarki ne, wadda ake dannewa a tushe amma matsalar ta bayyana a ƙarshenta, shi ya sa shafa man zafi a sharaɓa bai taɓa yi mini komai ba.

Ya kuma yi mini tambayoyin da sai daga baya na gane muhimmancinsu. Ya tambayi ko ina zazzaɓi, ko gumin dare, ko rama, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Ya tambayi ko an yi mini allura a ɗuwawu kwanan nan, domin allurar da aka soka a gurbin da bai dace ba tana iya raunata wannan jijiya, abin da ya kamata masu zuwa kemis su lura da shi sosai. Ya ce a wajen dattawa ƙuncewar hanyar jijiyoyi ce ta fi kawo ciwon, mai juna biyu ma takan gamu da shi, mai sikila kuwa lalacewar ƙashin kwatangwalo tana iya yin kama da shi. Bai tura ni ɗaukar hoton MRI mai tsada ba, ya ce ba a gaggawarsa sai an ga alamar haɗari ko ciwon ya ƙi lafawa.

Inda nake da ƙorafi shi ne ɓangaren na'urori. A kowane zuwa ana haska mini fitilar zafi, a manna mini wasu wayoyi masu tsikarar fata, kuma babu shakka akwai daɗi a lokacin, amma kafin in isa gida a adaidaita sahu ciwon ya dawo yadda yake. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2016 kan ciwon baya da sayatika, ta ce kada a riƙa ba marasa lafiya wannan na'urar tsikara, ko jan baya da inji, ko ɗamarar ƙugu, ta fifita motsa jiki a kansu. Duk da haka lokacin na'ura ya fi na koyarwa tsawo, kuma a kansa ake lissafa yawancin kuɗin. Haka nan ba kullum ake haɗa mutum da ma'aikaci ɗaya ba, ba a kuma ba da takardar da ke nuna atisayen, alhali mai jin zafi ba ya riƙe duk abin da aka faɗa masa.

Atisayen kansu ba su da wuya. An koya mini kwanciya rub da ciki, sannan in ɗago ƙirji a kan gwiwar hannu, ƙugu yana manne da ƙasa. Daga baya aka ƙara kwanciya rigingine da ɗaga kwankwaso, da miƙe ƙafa a zaune a hankali don jijiyar ta saki, da tafiyar ƙasa wadda ake ƙara tsawonta kaɗan-kaɗan. An hana ni kwanciyar wuni guda, an ce in riƙa tashi daga benci a kai a kai, in kuma durƙusa da gwiwa in rungumi kaya kusa da jiki idan zan ɗaga. Alamar da aka ce in lura da ita ta tabbata a jikina: ciwon ya fara janyewa daga tafin ƙafa zuwa cinya, sannan ya tattara a ƙugu, kuma a wannan lokaci ne na koma yin ruku'u. Ba na ba kowa shawarar ya kwaikwayi waɗannan ba tare da an duba shi ba, domin dattijon da hanyar jijiyarsa ta ƙunce sunkuyawa ce take ba shi sauƙi, bankarewa kuwa tana iya ƙara masa ciwo.

Gaskiya ne cewa yawancin masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin makonni shida zuwa goma sha biyu ba tare da tiyata ba, saboda haka lokaci ma ya yi nasa aikin. Amma sanin abin da ke damuna ya cire mini fargabar shanyewa, ya kuma raba ni da yawan shan diclofenac, maganin rage zafi da ke yi wa ciki da ƙoda illa idan aka daɗe a kansa.

Akwai waɗanda bai kamata su tsaya jiran layin gashin ƙashi ba. Duk wanda fitsari ya riƙe masa, ko fitsari ko bayan gida suke kufce masa, ko ya daina jin taɓi a tsakanin cinyoyi da mazaunai, ko ƙafarsa ta fara raunana yana jan ta, ya tafi sashen gaggawa a ranar. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma jinkiri a irin wannan hali yana iya barin lahanin da ba ya gyaruwa.