Gidan Abincin Jain a Ahmedabad: Girki Babu Nama, Babu Albasa

Gidan abincin yana kusa da haikalin Hutheesing na mabiya addinin Jain, wanda aka gina a 1848 a birnin Ahmedabad na jihar Gujarat a Indiya, kuma duk abin da ake girkawa a cikinsa yana bin ƙa'idar ahimsa, wato ƙaurace wa cutar da kowane mai rai. Mabiya Hindu da Buddha ma suna girmama wannan ƙa'ida, amma mabiya Mahavira, babban malamin addinin Jain, waɗanda ƙidayar 2011 ta nuna ba su kai miliyan biyar ba a duk Indiya, su ne suka fi tsananta ta a madafa. Ban da nama da kifi da ƙwai da zuma, ba sa amfani da albasa, tafarnuwa, dankali ko karas, domin a ganinsu tumɓuke saiwa yana kashe tsiron gaba ɗaya tare da ƙananan halittun da ke jikinsa.

Bahaushe zai yi mamakin yadda miya za ta yi daɗi babu albasa, to amma masu girkin sun san aikinsu. Suna soya wani ƙaro mai ƙarfin wari da ake kira hing a cikin man shanu, su haɗa da busasshiyar citta, kurkur da tsamiya, har ƙamshin ya rufe giɓin. Ana kawo abincin a faffaɗan faranti mai ƙananan kwanuka, ana ƙara wa mutum har sai ya ɗora hannu a kai alamar ya ƙoshi. Wanda ya fi burge ni shi ne ɗanyar ayaba da aka dafa a madadin dankali, ta yi laushi ta sha yaji, sai kuma gurasar gero mai kauri wadda aka shafe da man shanu tana tururi.

Inda na sami matsala shi ne zaƙi. Mutanen Gujarat suna zuba mazarƙwaila a miyar wake, abin da harshen da ya saba da daddawa ba zai karɓa nan take ba. Haka kuma nono da man shanu sun yi yawa a teburin da ke alfahari da tausayin dabbobi, batun da su kansu mabiya Jain suke muhawara a kansa.

Masu tsananin riƙo da addinin ba sa cin abinci bayan faɗuwar rana, gudun kada ƙwari su faɗa ciki, saboda haka wurin yakan cika maƙil bayan la'asar, hidima ta yi jinkiri. Musulmin da karatu ko jinya ta kai shi birnin zai ci hankalinsa kwance, tunda babu batun yanka, kuma dokar jihar ta hana sayar da giya tun 1960. Zuwa da azahar ya fi dacewa.