Mun kai yara hutu Landan, ga ra'ayina kan bas ɗin yawon buɗe ido

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu ta tambaya yaya Landan yaya Landan, lafiya lau muka je muka dawo Alhamdulillah, amma abin da nake so in yi magana a kai shi ne bas ɗin nan mai bene wanda samansa a buɗe yake, wanda ake sayar wa baƙi tikitinsa ka hau ka sauka inda ka ga dama ka sake tarar wani, don shi ne abu na farko da kowa zai ce ku saya in kuna tare da yara.

To mun saya, ni da Abbansu da yara uku. Ba zan kira sunan kamfanin ba, suna da yawa kuma aikin kusan iri ɗaya ne. Farkon hawa kam akwai daɗi, an ba kowa iyafis ana ta bayani, a nan babbar 'yata ta ji cewa Big Ben sunan ƙararrawar da ke cikin shahararriyar hasumiyar agogon nan ne, hasumiyar kanta an sa mata sunan Sarauniya Elizabeth a 2012, ta kuwa ishe mu da maimaitawa har dare. Da muka hau gadar Tower Bridge yara har da ihu. Daga nan fa sai gosulo, wallahi akwai inda muka tsaya ina kallon masu tafiya a ƙasa suna wuce mu har su ɓace, ga yayyafi ya sauko a tsakiyar Yuli, aka raba mana wata ledar rufa jiki mai shara-shara, auta ya fara kuka kowa ya rugo ƙasa, ƙasan kuma ba wurin zama. In kuka sauka kallon wani abu kuwa, jiran na gaba ma aiki ne, ya zo a cike ku sake jira.

Wata 'yar uwa da ke zaune can ce ta yi mana dariya ta ce haba Anti, ku hau jan bas na gari mana. Shi ma mai bene ne, lokacin da muka je fam 1.75 ne ko ina za ka, ba sa karɓar tsabar kuɗi sai kati, taɓawa kawai za ka yi, in ka canja bas cikin awa ɗaya ba a sake cirar komai, sannan yaron da bai kai shekara 11 ba kyauta ne. Lamba 15 muka hau daga dandalin Trafalgar, ya bi ta gaban cocin St Paul ya kai mu har Tower of London, yara suka kame kujerar gaba a sama suna ta riya su ne direba. Bayanin ne kawai babu, shi kuma Abbansu ya karanto a waya.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fi sauri amma mai keken jariri ta shirya, tashoshi da dama ba lif, sai matakala. Ku duba taswira, masu alamar keken guragu su ne masu sauƙi.

Abin da ya fi burge ni manyan gidajen tarihinsu ba a biyan ko sisi. A Natural History Museum kana shiga za ka ga ƙasusuwan wani ƙaton kifin whale mai tsawon mita 25 rataye a saman kanka, auta ya ƙanƙame mini zani ya ce Mama ba zai faɗo ba? Ɓangaren dainoso kuwa da ƙyar muka janye su. British Museum ma kyauta ne, can muka ga kayan tagullar Benin da sojojin Ingila suka kwaso a 1897, Abbansu ya daɗe a tsaye yana girgiza kai, ya ce kayanmu ne amma sai da muka nemi biza kafin mu gan su. Canjin dogarai a Fadar Buckingham shi ma kyauta, sai dai ba kullum ake yi ba kuma cinkoso ba a magana, a wuya aka ɗora yara. London Eye, wato ƙaton lilon nan mai zagayawa da ake hango gari daga samansa, shi ne muka biya, tsayinsa mita 135, zagaye ɗaya kusan rabin awa, sau ɗaya dai ya isa.

Salla da abinci ba mu sha wahala ba, Whitechapel akwai babban masallaci ga gidajen abincin halal jere a titin, Regent's Park ma akwai masallaci. Magariba ce dai sai wajen ƙarfe 9, yara sun yi barci rana ba ta faɗi ba.

Bas ɗin yawon ni dai biyu cikin biyar zan ba shi. In kwana ɗaya tak gare ku, ko kuna tare da Hajiya mai ciwon gwiwa da ba za ta iya yawo da ƙafa ba, ku saya ku fita da sassafe kafin hanya ta cushe, kowa da rigar sanyinsa. In ba haka ba ku adana kuɗin, masauki kaɗai zai cinye su.