Garin magani na leda ko asibitin dabbobi: amsa ga mai kazar da ta takure

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba kazarki lafiya, ya tsare miki sauran. Kin ce tun jiya ta takure a gindin bango, ta saki fukafukai, kashinta kore-kore, kuma kuɗin hannunki na abu ɗaya ne: ko garin maganin nan na leda da ake zubawa a ruwan sha, ko ki kai ta asibitin dabbobi a duba ta, a yi wa sauran rigakafi. Ki kai ta asibiti. Duka hanyoyin biyu na bi su da ƙafata a nan Bauchi, ɗaya ta bar ni da akurki fayau, ɗayar kuma ita ta sa har yau nake da kaji.

Amma kafin ki nemi Keke Napep, tashi yanzu ki raba ta da 'yan'uwanta. Ki samu kwali ko kwando, ki shimfiɗa tsumma ko buhu, ki ajiye ta inda iskar hunturu ba ta bugawa, nesa da akurki. Mazubin ruwanta daban, na abincinta daban. Idan kin taɓa ta, ki wanke hannu da sabulu kafin ki je wajen masu lafiya, kuma kullum ki fara ba masu lafiyar abinci, ita ta zama ta ƙarshe. Wannan ba ya cin ko sisi, kuma ya fi duk abin da za ki sayo yau amfani.

Ledar garin nan na san ta sani na baƙin ciki. Wata shekara da sanyi ya kankama, ina da kaji 17, har da masu kwanci biyu. Na ga wata sagara mai kyau a kasuwa, farashinta ƙasa da na kowa, na saya na sake ta cikin nawa a ranar. Kwana 5 ba a yi ba sai ga ta tana buɗe baki tana jan numfashi, washegari uku sun bi ta. Na aika yaro ya sayo garin magani, mai shagon ya ce yana maganin kowace cuta ta kaji. Na zuba. Da na ga ba sauƙi, na ƙara da kafso ja da yalo irin na mutane, na jiƙa ɓawon maɗaci, na daka barkono, duk abin da maƙwabta suka ce na yi. Cikin mako biyu uku kawai suka rage, ɗaya ma wuyanta ya murɗe, tana tafiya tana zagaye kamar mai neman wani abu a sama. Na yi kuka a kan kajin nan, domin da kuɗin ƙwansu nake saya wa yara littafi da sabulu.

Daga baya ne na fahimci dalili. Annobar da ke share kajin gida a ƙasarmu daga Nuwamba zuwa Maris, wadda likitoci ke kira Niyukasil, ƙwayar cutar bairos ce ke kawo ta. Garin ledar kuwa, in ma na gaske ne, galibi maganin bakteriya ne irin su oksitetirasaikilin, an haɗa shi da bitamin. Bai san hanyar bairos ba sam. Ko buhu guda kika zuba, ba zai taɓa ta ba. Iyakar abin da zan ce a kansa na alheri shi ne yana da ranarsa idan cutar ta bakteriya ce kuma likita ne ya ce a ba da shi, da awon da ya faɗa.

Ita kuwa hanyar asibiti, wata kazata wake-wake ce ta koya min ita. Tana cikin ukun da suka tsira, uwa ce ta gaske, ba ta taɓa barin shirwa ta ɗauki ɗan tsakonta ba. Bayan shekara guda ta wayi gari kamar yadda kika kwatanta taki: ido a lumshe, fukafukai a ƙasa, kashi kore. Gabana ya faɗi, na ce annoba ta dawo. A wannan karon ban aika kowa shago ba, na sa ta a kwali na nufi asibitin dabbobi na gwamnati. Likitan da na tarar bai yi gaggawar rubuta komai ba. Ya buɗe bakinta, ya kara kunnensa a bayanta ya saurari numfashi, ya shafa ƙashin ƙirjinta, sannan ya ɗaga fiffike ya ce, "Hajiya, matso ki gani." Wasu 'yan ƙananan abubuwa ne baƙaƙe manne a fatarta kamar ƙwayar riɗi. Ya tambaye ni ko akurkina na ƙasa ne, ko bangon ya tsattsage. Na ce ƙwarai. Ya ce 'ya'yan kaskar kaji ne, manyan suna ɓuya a tsagar bango da rana, su fito da dare su sha jini, kuma suna sa wa kaza wani zazzaɓi mai kawo koren kashi. Ya yi mata allura, ya rubuta min maganin feshin akurki, ya ce in liƙe tsagogin da yumɓu. Kwana 4 ta miƙe tana tono. Ta ƙara yi min ƙyanƙyasa har sau biyar kafin tsufa ya kama ta.

Kin ga abin da nake so ki gane ke nan. Koren kashi ba suna ba ne na cuta ɗaya. Niyukasil tana kawo shi, zazzaɓin kaska yana kawo shi, kai, kazar da ta yi kwana biyu ba ta ci komai ba ma kashinta kore yake fita saboda ruwan matsarmama. Mai shago bai ga kazarki ba, bai ɗaga fiffikenta ba, leda ɗaya zai miƙo wa kowa. Likita kuwa ido yake sawa da hannu.

Ke ma za ki iya rage masa aiki idan kika duba ta da kyau a daren nan. Ki fara da zankonta. Idan ya yi fari fat, jini ne ya ragu, a nemi ƙwarƙwata, kaska ko tsutsar ciki. Idan ya yi duhu kamar shuni, abin ya yi tsanani. Ki duba ido da hanci ko akwai ruwa ko kumburi, ki saurare ta bayan isha'i lokacin da gari ya yi tsit, ko za ki ji ƙarar majina ko tana buɗe baki. Ki shafa ƙirjinta: idan ƙashin ya fito kamar wuƙa, ciwon ya daɗe yana cin ta, ba na jiya ba ne, kuma wannan ya fi kama da tsutsa ko ƙwari fiye da annoba, domin annoba ba ta jiran kaza ta rame. Jakar abincin da ke ƙasan wuyanta ki taɓa ta da asuba kafin ta ci komai, ya kamata ki ji ta ba kowa. In kin ji ta cike da tauri, ko ta yi luguf tana wari, can matsalar take. Idan kuma mai yin ƙwai ce, tana tsayuwa a miƙe jela a ƙasa tana yunƙuri, to ƙwai ne ya maƙale. Ki zaunar da bayanta a ruwan ɗumi kamar minti 15, kada ki matsa cikin, ƙwan na iya fashewa a ciki.

Ki shimfiɗa mata farar takarda ta kwana a kai, da safe ki naɗe ki tafi da ita. Jini a kashi, musamman ga 'yan tsaki da damina in ƙasan akurki ya jiƙe, yawanci cutar hanji ce da ake ba wa amfuroliyom, maganinta daban ne da na ledar da kike magana. Idan wata ta mutu kafin safiya, Allah ya kiyaye, kada ki yar da ita a bola. Ki ɗaure ta a leda biyu ki kai. Ni na taɓa raka wata maƙwabciyata da mushen tata, likita ya buɗe ya nuna mana ɗige-ɗigen jini a cikin tumbin da ke gaban ƙundu, ya ce wannan na daga cikin alamomin Niyukasil. Mushen kaza ɗaya yakan ceci ragowar garke.

Kafin ki isa can, ruwa ya fi abinci muhimmanci. Ki sa ɗan sukari kaɗan a ruwa mai tsabta, ki riƙa tsoma bakinta ta haɗiye da kanta. Kada ki ɗaga kanta ki ɗura mata, ruwan yakan bi hanyar iska ya shaƙe ta, na ga an kashe kaza da haka da niyyar taimako. Abinci kuwa mai laushi, jiƙaƙƙen tsaki ko dusa da ɗan dafaffen ƙwai. In sanyi ya yi yawa ki lulluɓe rabin kwalin, amma kada ki kunna gawayi a rufaffen ɗaki.

Game da rigakafi, kada in yi miki alkawarin da ba haka ba. Ba ya warkar da wadda ta riga ta kamu, kuma ba a yi wa marar lafiya. Na masu lafiya ne, sannan yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin jikinsu ya yi ƙarfi. Tun da ciwo ya riga ya shigo gidanki, bari likita ya yanke ko a yi wa sauran yanzu ko a ɗan jira. Iri biyu za ki fi ji ana ambata, Lasota da I-2, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke aiki tun 1924, tana yin su. Lasota tana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma da zarar an haɗa ta da ruwa sai a gama da ita cikin kamar awa biyu. I-2 an yi ta ne domin ta fi jure zafi, shi ya sa ta fi dacewa da irin kiwonmu, ko da yake ita ma ba a barin ta a rana. Ɗigo ɗaya ake sawa a ido, a riƙe kazar har sai ta ƙifta ya shige. Ana maimaitawa duk wata 3 zuwa 4. Ni nakan yi a Oktoba kafin iska ta juyo, in sake a Fabrairu, in sake a Yuni.

Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, to mu a layinmu gida shida muke haɗa kuɗi. Bayan magariba, lokacin da kaji suka shiga akurki suka natsu, sai mu bi gida-gida da tocila, yara na kamawa, ni ina ɗigawa. Zabi ma muna yi musu. Abin da ke faɗo wa kowace mace bai kai kuɗin kaza ɗaya ba, nesa ma. Amma in akwai ciwo a wani gida ba ma shiga, domin takalmi da hannu suna ɗaukar cutar su kai gaba. Don haka ke ma a makon nan kada ki shiga akurkin kowa, kada kowa ya shiga naki.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa miki, domin a nan aka fi cutar mu mata. Da zarar annoba ta shiga ƙauye, wasu sukan kwashi kajin da suka fara nuna alama su ruga kasuwa kafin su mutu a hannunsu. Shi ya sa kaza take yin araha da hunturu, kuma irin wannan arahar ce ta cinye min 14. Duk kazar da kika sayo, ko kyauta aka ba ki, ta yi mako biyu a keɓe kafin ta haɗu da naki. Agwagi ma ki sa musu ido, sukan ɗauki cutar suna yawo lafiya lau. Masu sayar da magani kuma, akwai na kirki, akwai waɗanda ba su tsoron Allah. Wanda ya ɗauko miki kwalbar rigakafi daga kan kanta ko daga firjin da ya kwana ba wuta, ruwa kawai ya sayar miki. Ki taɓa ki ji sanyinta, ki je da fulas da ƙanƙara. Garin da aka ɗura a farar leda ba suna ba lambar NAFDAC, ko wanda aka kankare ranar lalacewarsa, kada ki karɓa ko da kyauta ne. Kuma kowane magani aka ba kaza, ki tambayi kwana nawa za a yi kafin a ci ƙwanta ko namanta, domin ragowarsa cikin yaranki za ta shiga.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: idan kika ga suna zubewa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kai ya kumbura, zanko da ƙafafu sun yi shuni, to kada ki yanka, kada ki fige, kada yara su taɓa. Murar tsuntsaye ta shigo Najeriya tun Fabrairun 2006, aka fara tabbatar da ita a Jihar Kaduna, ta kuma sake dawowa a 2015, kuma tana iya kama mutum. A wannan halin ba kya ɗaukar su a Keke ma, ofishin likitan dabbobi za ki sanar su zo da kansu. Wadda ta mutu a haƙa rami mai zurfi a binne ta inda kare ba zai tono ba.

Gobe da sassafe ki tafi, kafin layi ya yi tsawo, da kazar a kwali mai huji da takardar kashin. Ki riƙe a ka kwana nawa ta yi a haka, kaji nawa gare ki, da ko kin shigo da sabuwa a 'yan makonnin nan, domin su zai fara tambayarki. In kin riga kin ba ta wani abu, ko da ja da yalo ne, ki tafi da fankon ki nuna masa, ba zai yi miki faɗa ba. Idan kin dawo ki faɗa min abin da ya ce.