Juye na je yi a Kurmin Mashi, sai ga matsalar birki ta fito fili

Duk mai tsohuwar mota a Kaduna ya san yadda ake sabis a yawancin garejojinmu. A kwance noti baƙin mai ya tsiyaye, a ɗura sabo, a canza filta, a karɓi kuɗi. Motata 406 ce, irin wadda aka harhaɗa a kamfanin Peugeot na Kakuri, ta haura shekara ashirin a kan titi, kuma ita ke kai yara makaranta, ita ke kai ni Zariya gaida mahaifiyata. Wani abokin aikina ne ya yi mini kwatancen wani gareji a Kurmin Mashi, ya ce maigidan wajen dattijo ne da ya daɗe yana taɓa Fijo. Juye kawai na je yi.

Ana cikin tsiyaye mai na ce masa birkin yakan yi laushi da rana, musamman idan na daɗe a cunkoson Kawo ina taka ina saki. Inda nake zuwa a da, da zarar na faɗi haka sai a buɗe murfi a ƙara man birki a ce in je. Shi kuwa bai ƙara ko ɗigo ba. Sirinji ya sa yaro ya ɗauko, ya zuƙo man da ke cikin robar man birki, ya matse a gorar ruwa, sannan ya fasa sabon gwangwani ya zuba kaɗan a murfi ya ajiye su gefe da gefe a kan bonet. Sabon garau yake, da ɗan rawaya-rawaya. Nawa kuwa baƙi ne wuluk kamar shayin da aka manta a kan wuta, har da wani ƙasa-ƙasa yana kwanciya a gindin gorar.

Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ai ba mai ba ne kuma. Da iyali kake hawa titin Zariya da wannan?"

Wallahi sai da gabana ya faɗi. Ya yi mini bayani a tsanake, cewa man birki yana shan danshi daga iska, ga daminar Kaduna mai tsawo, don haka kowace shekara ruwa na ƙaruwa a cikinsa ko da ba ya yoyo. DOT 4, wato nau'in man birkin da wannan motar ke sha, sabonsa ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Celsius, amma idan ya sha ruwa yakan sauko wajen 155. Birki ya ɗau zafi, ruwan ya zama tururi a cikin bututu, ka taka feda ta tafi ƙasa ba ta kama komai ba. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a juye shi gaba ɗaya duk shekara biyu. Ƙari a kan tsoho ba ya fitar da ruwan.

Bai tsaya nan ba. Ya zagaya ya kai bayan hannunsa kusa da kowane wili don ya ji wanda ya ɗau zafi, da ya zo na gaba ɓangaren dama ya ce a ɗaga. Da aka cire taya aka kwance kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad ɗin birki a jikin diski, fad ɗin ciki ya cinye saura ƙiris ƙarfe ya fara cin diski, na waje kuwa ko rabi bai yi ba. Fil ɗin da kalifar ke zamewa a kansa ne ya cije, robar da ke rufe shi ta yage, ƙura da tsatsa sun cika wajen. Na riga na saduda za a ce in sayi wata kalifar ta Beljiyam. Sai ya zauna a kan benci ya goge fil ɗin da samfefa har ya yi ƙyalli, ya shafa masa giris, ya sa sabuwar roba, ya ce wannan za ta ƙara shekaru. Ka ga mutumin da bai ɗauke ni saniyar tatsa ba.

Wajen fitar da tsohon man ma da kansa ya shiga ƙarƙashi. Yaro a kujerar direba, shi yana riƙe da sifana da siririn tiyo a cikin gora, yana ta "Taka! Riƙe! Saki!" ƙafa bayan ƙafa, har sai da mai fari ya fito babu kumfa ko ɗaya. Da na gwada ta a baifas, fedar ta tsaya a sama, tauri daidai, motar ta daina fizgewa dama. A hanya na kira abokina na yi masa godiya.

To amma ba zan ɓoye abin da ya ɓata mini rai ba, don har yanzu idan na tuna sai na ji zafi. An ce mini kafin azahar an gama. Sai da aka yi la'asar motar na kan jak, saboda wani mai Hilux ya zo, kowa ya koma kansa, ni ina zaune a rana ba wanda ya ce mini uffan. Yaron da aka aika kasuwar Panteka sayo fad ya dawo da wani kwali da ban taɓa ganin sunansa ba, babu rasit, kuɗin kuma na mai kyau aka karɓa. Yanzu duk safiya ƙara yake yi, tun daga ƙofar gida maƙwabta ke sanin na fito, ga baƙar ƙura da yake zubarwa a wili.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne lagireto. Da kuɗina na sayi ruwan sanyaya inji na galan na ba su. Da na isa gida na buɗe but, ga galan ɗin a rufe ko fasa shi ba a yi ba, ashe ruwan rijiya yaron ya ɗura. A tsohuwar mota irin wannan, ruwan banza shi ke kawo tsatsa ya toshe lagireto ya ci famfon ruwa, kuma ƙaramin yaro a gareji ya kamata ya san haka. Sannan man birki ya zuba a gefen mota ba a wanke ba, ya ci fenti ya bar tabo tsawon yatsa. Sitiyari kuwa duk baƙin hannu.

Na koma na nuna wa dattijon. Ya ce, "Yi haƙuri Malam, laifinmu ne," ya yi wa yaron faɗa a gabana, ya sa aka zubar da ruwan aka ɗura wanda na saya bai karɓi ko sisi ba. Maganar fad kuwa ya ce in ba shi mako biyu zai zauna ya yi shiru. Bai yi shiru ba, kuma ba wanda ya yi zancen canza mini shi. Tabon fenti ma ni zan biya a gyara.

Wayar hambirki ta saki, ya ce in kawo ta bayan albashi. Zan kai, don hannunsa a birki ban ga irinsa a garin nan ba, amma kayan da kaina zan shiga Panteka in sayo, kuma idan na tarar ya fita ya bar yara kaɗai, juyowa zan yi da motata.