Ciwon Zama: Yadda Ake Duba Shi a Faransa

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa da fatan alheri, kin tambaye ni abin da ya fi burge ni a harkar lafiya a nan Faransa. Ba manyan na'urori ba ne, yadda suke kula da tsokokin ƙasan ƙugu ne, waɗanda suke riƙe da mafitsara da mahaifa da dubura.

A nan, mace in ta haihu, bayan kamar mako 6 zuwa 8 ana rubuta mata zama wajen ungozoma ko ma'aikaciyar gashin ƙashi da tsoka (fisiyo), galibi zama 10, kuma inshorar lafiya ce ke biya. Saboda haka akwai mutane da yawa da suka ƙware a kan wannan wuri na jiki, har maza ma suna zuwa. A gida kuwa, duk zafin da ya tashi tsakanin dubura da al'aura sunansa basir ko sanyi. Sai a yi ta shan maganin ƙwayoyin cuta, gwaji bai nuna komai ba, ciwo yana nan daram, kunya kuma ta hana a sake magana. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Akwai wata jijiya da likitoci ke kira fudendal. Daga ƙarshen ƙashin baya take fitowa, ta ratsa tsakanin wasu igiyoyin nama biyu masu tauri, ta bi wata ƙuntatacciyar hanya a gefen ƙugu, sannan ta rabu zuwa dubura da matsematsi da al'aura. Idan tsokokin da ke kewaye da ita suka ɗaure suka ƙi saki, sai su takura ta. Mutum ya ji ƙuna ko suka, wani lokaci kamar akwai wani abu a cikin dubura. Zafin kuma ya sa tsokar ta ƙara ɗaurewa, abu ya yi ta juyawa. Haihuwa mai wuya, yawan yunƙurin bayan gida, dogon zama da hawan keke duk suna iya jawo shi.

Likitocin birnin Nantes ne suka tsara alamomin da ake gane ciwon wannan jijiya da su, aka wallafa a 2008: zafin yana bin hanyar jijiyar, zama yana ƙara shi, ba ya tashin mutum daga barci, fatar wurin ba ta mutu ba, kuma allurar kashe zafi a kan jijiyar tana kawo sauƙi. Da yawa suna cewa in suka zauna a kan masai na zama sai zafin ya lafa, don babu abin da ke danna tsakiyar.

Inda na fi so ki lura shi ne atisayen Kegel da ake ta yaɗawa a intanet, na matse tsoka. Yana da amfani ga wadda tsokarta ta saki, amma wadda tata ta riga ta ɗaure ƙara mata wahala zai yi. Shi ya sa a nan sai an duba da hannu tukuna, da izinin mai ciwon, kafin a ce matse ko saki. Mai ɗaurarriyar tsoka ana koya mata numfashi daga ciki da miƙa cinyoyi, a tausasa wurin a hankali. Likita na iya ƙara maganin zafin jijiya, irin su amitriptyline ko gabapentin. Tiyata ita ce ta ƙarshe.

Ta fannin kaya, ana sayar da matashin zama mai rami a tsakiya, nauyi ya hau ƙasusuwan ɗuwawu. Wannan kam ko tela zai ɗinka shi da soso.

Nan ma ana jiran layi, kuma ba kowane likita ya san ciwon ba. Amma in wata ta kawo miki kukan basir da ya ƙi ji, tambaye ta ko zama ne ke tayar da shi, ki raka ta sashen gashin ƙashi na babban asibiti, ta nemi wadda ke duba tsokokin ƙugu.