Bokitin tsima kayan lambu mai bututun fitar da iska: murfinsa ba ya toshewa ruf, amma aiki na tafiya

Wannan bokiti na roba mai cin lita 5, wanda ake sayarwa tare da murfi mai huda ɗaya da ɗan lanƙwasasshen bututu da ake zuba wa ruwa, an fi saninsa a hannun masu haɗa giya a gida a Turai da Amurka. Ni kuwa na saye shi ne domin tsima kabeji da attarugu a ruwan gishiri, saboda idan kayan lambun Jos suka cika kasuwa farashinsu kan faɗi ƙasa, kuma rashin tsayayyar wutar lantarki ba ya barin mutum ya dogara da firji. Aikin bututun ba shi da wuyar fahimta: iskar da ke tasowa daga tsimin tana ture ruwan ta fice, ita kuwa iskar waje da ƙura da ƙananan ƙudaje ba su samun hanyar shiga.

Jikin bokitin ya gamsar da ni. Robarsa mai kauri ce, ba ta wari, kuma a gindinsa akwai lamba 2 cikin alamar kusurwa uku, wato nau'in HDPE, wanda gishiri da tsami ba su cinsa. Bakinsa yana da faɗin da hannu zai shiga a danna kabeji sosai.

Murfin ne ke tayar wa sabon shiga hankali. Ba shi da zoben roba a bakinsa, dannawa kawai ake yi har ya yi ƙara, kuma ko an danna shi da dukan ƙarfi akwai gefen da iska ke sulalewa. Saboda haka sai a wayi gari ruwan bututun yana kwance shiru, ba kumfa ko ɗaya, mutum ya soma zaton cewa tsimin bai kama ba, ko kuma ƙwayoyin cuta sun bi ta kafar sun lalata masa kaya. Na duba wannan al'amari da kyau, kuma abin da na gani shi ne murfin kan ɗan kumbura a tsakiya, idan na sa yatsa na danna sai ruwan bututun ya motsa, ƙamshin tsami kuma ya fito ta gefe. Wannan ya nuna cewa iska tana taruwa a ciki, sai dai ta samu hanya mafi sauƙi ta bi. Muddin tana turowa waje, abin da zai kutsa ta wannan siririyar kafa kaɗan ne ƙwarai.

Abin da ke tsare kayan daga ruɓewa yana cikin bokitin ne, ba a bakinsa ba. Ana zuba giram 20 na gishiri a kan kowane kilo ɗaya na yankakken kabeji, a murza har ya fitar da ruwansa, shi kuwa attarugu ana nutsar da shi a ruwan da aka narkar da giram 30 zuwa 50 na gishiri a kowace lita. Gishirin yana danne ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci, ya bar dangin waɗanda ke tsamar da nono su yi aikinsu, kuma da zarar tsami ya ƙaru har ma'auninsa da ake kira pH ya sauka ƙasa da 4.6, ƙwayar da ke haifar da muguwar gubar abinci da ake kira botulizim ba ta iya yaɗuwa. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne komai ya nutse, domin ɗan ganye guda da ya leƙo saman ruwa ya isa ya zama mazaunin fumfuna. A nan ne na ga babban giɓin wannan kaya, wato ba a haɗo shi da abin dannewa ba, alhali ya fi bututun muhimmanci. Ina amfani da ƙaramin farantin tangaram, in ɗora masa ledar abinci cike da ruwan gishiri, don ko ta fashe ba za ta salantar da tsimin ba.

Ya kamata mai saye ya iya bambance abubuwa biyu da kan bayyana a sama. Farar yana mai laushi, shimfiɗaɗɗiya, wadda ba ta da gashi, yis ne da ke son iska; ana kwashe ta da cokali mai tsabta, ko da yake tana rage daɗin ɗanɗano idan aka bar ta. Amma idan aka ga tabo mai gashi-gashi, kore ko baƙi ko ruwan hoda, ko aka ji ɗoyi, ni shawarata a zubar da kayan gaba ɗaya.

Yanayinmu ma yana da tasa rawar. Tsimin ya fi kyau a zafin digiri 18 zuwa 22, don haka hunturu ne lokacinsa, sai dai bushewar iska tana ƙafar da ruwan bututun, sanyin dare kuma kan sa bokitin ya zuƙo shi ciki, shi ya sa nake zuba wa bututun tafasasshen ruwan gishiri da ya huce, ina kuma leƙa shi kullum. A bazara kabeji kan yi tsami da sauri ya yi lugub.

Wajen wanki kada a kusanci bokitin da soson waya, domin kowane karce maɓoya ce ta ƙwayoyin da sabulu ba ya kaiwa gare su. Ga wanda ke tsima kilo 3 zuwa 4 a lokaci guda, bokitin ya cancanci kuɗinsa. Wanda kuwa ɗan kaɗan yake so, kwalbar gilashi ta fi masa, saboda bokitin da ba a cika ba yana barin iska mai yawa a sama, kuma wannan iskar ce ke kawo farar yanar nan.